Kusufin rana: sau nawa yake faruwa, kuma ina za a tsaya a gan shi?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Akwai saƙon da ake ta turawa a waya cewa kusufin rana sau ɗaya yake zuwa a shekara 375, wai wanda ya ga cikakken kusufin da ya ratsa Najeriya da Nijar a 2006 ya gama cin rabonsa. Wani saƙon kuma ya ce a'a, duk bayan shekara 18 ne. Lambobin nan biyu duk na gaskiya ne, sai dai an ɗora su inda ba mazauninsu ba.

A faɗin duniya ba a yin shekara ba tare da kusufin rana biyu ba, kuma ba ya wuce biyar. Biyar ɗin ma da wuya: an yi a 1935, sai kuma 2206. Daga 2001 zuwa 2100 akwai guda 224. A cikinsu 68 cikakku ne, inda wata ke rufe rana ruf. 72 na zobe ne, inda ake barin da'irar wuta a gefe. 77 na ɓangare ne kawai. Sauran 7 masu fuska biyu ne, wani wuri zobe, wani wuri cikakke. Cikakken kusufi ke nan kusan duk wata 18 yana sauka a wani wuri a bayan ƙasa. Shekara 375 ɗin matsakaicin jiran gari guda ne, idan mutum ya ce ba zai motsa daga ƙofar gidansa ba.

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam Malam. Kowa ma zai iya fitar da 375 ɗin nan da biro. Inuwar wata mai duhu tana zana ziri a ƙasa, tsawonsa ya kan kai kilomita 15,000, faɗinsa galibi 100 zuwa 200, ba ya wuce wajen 270. A ɗauki 150 a ninka da 15,000, an samu murabba'in kilomita miliyan 2 da ɗoriya. Faɗin duniya miliyan 510 ne. Kowane cikakken kusufi ke nan bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na duniya yake taɓawa ba, kuma mafi yawan wannan ɗin teku ne. A ninka da 68 na ƙarni guda, sai a ga gari ɗaya yana buƙatar sama da ƙarni uku kafin layi ya zo kansa.

Amma matsakaici ne, ba alkawari ba. Garin Carbondale a Amurka ya samu a 2017 ya sake samu a 2024. Wani garin kuma sai ya shekara 1,000 bai gani ba.

Hajiya Binta:
Malam Habu, tambayar da ɗalibai ke fara yi kullum ita ce: tunda wata yana ratsawa tsakaninmu da rana duk ƙarshen wata, me ya hana a yi kusufi sau 12 a shekara? Amsar tana cikin karkata. Hanyar da wata ke bi ta karkace da wajen digiri 5 daga shimfiɗar da duniya ke zagaya rana a kai. A ɗauki faifai biyu a sarƙa ɗaya cikin ɗaya, guda a kwance guda a ɗan karkace: wuri biyu kawai gefensu ke haɗuwa. A yawancin watanni wata yana wucewa ta saman rana ko ta ƙasanta, inuwarsa ta faɗa sarari ta wuce mu. Digiri 5 ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin faɗin rana a ido rabin digiri ne kacal, wata zai iya kuskure ta da ninki goma na faɗinta.

Sai rana ta zo kusa da ɗaya daga cikin mahaɗar nan biyu ake samun damar kusufi. Tana zuwa duk bayan kwana 173, kuma ƙofar tana buɗe wajen kwana 34. Shi kuwa wata kwana 29 da rabi yake yi ya dawo. Tunda 34 ta fi 29 da rabi, dole a samu ƙarshen wata aƙalla ɗaya a cikin kowace ƙofa. Daga nan biyun da Malam ya faɗa suka fito. Idan ƙarshen wata ya faɗo a farkon ƙofar, wani na iya kamawa a ƙarshenta, sai a yi biyu a jere wata guda tsakani, amma irin waɗannan kusan kullum na ɓangare ne, can wajen ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya.

Ustaz Kabiru:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Mai bin kalandar Musulunci ya fi kowa saurin gane wannan, domin tazarar galibi wata 6 ce cif, kwana 177. A duba jerin nan: 17 ga Fabrairu 2026, 12 ga Agusta 2026, 6 ga Fabrairu 2027, 2 ga Agusta 2027, 26 ga Janairu 2028, 22 ga Yuli 2028. Duk ƙarshen Sha'aban ne da ƙarshen Safar, shekara uku a jere. Bayan wasu shekaru sai a samu tazarar wata 5, jerin ya ja baya zuwa Rajab da Muharram. Kusufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, husufin wata kuma sai a tsakiyarsa, mako biyu kafin na rana ko bayansa. Duk saƙon da ya ce za a yi kusufin rana ran 10 ga wata ko ran 20, ba sai an bincika ba, ƙarya ne.

Malam Issufu:
To saura shekara 18 ɗin. Ita ma tana da tushe. Bayan wata 223, wato kwana 6,585 da awa 8, rana da wata da mahaɗar suna komawa kusan daidai inda suke, har nisan wata daga duniya. Sai a yi kusufi irin na baya sak. A kalandar Bature shekara 18 ke nan da kwana 10 ko 11, a ta Musulunci shekara 18 da wata 7. Masana suna kiran wannan zagaye Saros.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne awa 8 ɗin nan. A cikin awa 8 duniya ta juya sulusin zagayenta, sai inuwar ta sauka digiri 120 yamma da inda ta sauka a baya. Na 29 ga Maris 2006 da ya bi ta kanmu, ɗan uwansa shi ne na 8 ga Afrilu 2024, wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Na gaba 20 ga Afrilu 2042, wajen Indunusiya da Filifin. Sai an yi zagaye uku, shekara 54 da wata guda, yake dawowa yankin da ya baro. Na 25 ga Fabrairu 1952 ya bi ta Kartum, na 2006 ya bi ta Gusau, na 30 ga Afrilu 2060 zai sake ratsa Afirka ta Yamma da Nijar zuwa Libiya. Duk gida ɗaya ne, Saros mai lamba 139. Kuma irin waɗannan gidaje wajen 40 ne ke aiki a lokaci guda, kowa da jadawalinsa, shi ya sa ba a jiran shekara 18.

Malam Habu:
Malam Issufu ya gama magana. Tunda an taɓo 2006, a gyara wani abu da ake yawan faɗa, cewa "an yi cikakken kusufi a Najeriya" kamar ƙasar duka ta shiga duhu. Zirin bai kai kilomita 190 a faɗi ba. Ya taso daga gabashin Birazil da fitowar rana, ya tsallake Atlantika, ya hau tudu a Gana, Akra na ciki, ya bi Togo da Benin, ya shigo ta wajen Shaki, ya haura ta Gusau da Katsina wajen ƙarfe 10:30 na safiyar Laraba, ya shiga Nijar ta Maraɗi da Damagaram, ya yanki hamada zuwa Libiya, ya fita ta kan iyakar Masar zuwa Turkiyya, ya ƙare a Mongoliya. Mafi tsawonsa minti 4 da sakan 7, wajen iyakar Cadi da Libiya. Kano da Sakkwato duk suna wajen layin, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Sun ga rana ta koma siriri, gari ya yi dishi-dishi, amma ba su ga duhun ba.

Injiniya Lawal:
Ni a nan ina da ja kaɗan, Malam. Garin da aka rufe masa kashi 95 ko 99 cikin 100, ai don ɗalibai da talakan da ba zai iya tafiya ba, ya ga kusufi. Kada mu sa mutane su raina abin da ya zo musu har gida.

Hajiya Binta:
Ba raini ba ne Injiniya, abu biyu ne daban. Rana ta fi cikakken wata haske wajen sau 400,000. Idan aka rufe kashi 99, ragowar kashi ɗayan ya fi farin wata na daren sha huɗu sau 4,000. Da wannan hasken ba za a ga taurari ba, ba za a ga farin rawanin da ke kewaye da rana ba, kuma ba a isa a cire tabarau ba ko na sakan ɗaya. A cikin layin kuwa, sakan na ƙarshe hasken yana tsinkewa ɗigo-ɗigo ta tsakanin duwatsun gefen wata, sai ya ɗauke. Zahra ta fito da rana tsaka, gefen sama ko'ina ya yi ja irin na magariba, iska ta yi sanyi, kaji su nufi akurki. Wanda yake kilomita 30 a waje da layi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan tafiyar awa biyu a mota ce ta raba mutum da layin, ya yi tafiyar.

Injiniya Lawal:
Idan awa biyu ce, ba musu. Kuma wanda zai je, ba sai ya nace wa tsakiyar layi ba. Inuwar kusan da'ira ce, don haka lokacin ba ya raguwa daidai da nisa. Wanda ya tsaya rabin hanya tsakanin tsakiya da gefe yana samun kashi 87 na tsawon lokacin. Mai kashi uku cikin huɗu na hanyar yana samun wajen kashi 66. Daga nan ne yake zubewa da sauri, a bakin gefe sakanni ne kawai. A shiga ciki sosai, sannan a zaɓi inda hanya take da kyau kuma sama take a buɗe.

Malam Issufu:
Kada a manta da na 30 ga Yuni 1973. Minti 7 da sakan 4, kuma ƙololuwarsa, wato inda ya fi daɗewa, a arewacin Nijar ta faɗo. Ya bi Muritaniya, Mali, kudancin Aljeriya, Nijar, Cadi, Sudan har Kenya. Shi ne wanda masana suka bi da jirgin Concorde mai gudun da ya fi na sauti, suka tashi daga tsibiran Kanari suka zauna cikin inuwar minti 74 kafin su sauka a Njamena. Sai jirgi mai irin wannan gudun, domin inuwar ko a inda ta fi tafiya a hankali tana yin wajen kilomita 1,700 zuwa 2,000 a awa. Iyakar abin da lissafi ya yarda a ƙasa minti 7 da sakan 32 ne, kuma mafi kusa da hakan sai 16 ga Yuli 2186, minti 7 da sakan 29.

Abin da ke sa wani ya yi tsawo wani ya gajarta nisa ne. Rana ta fi wata girma sau 400, ta kuma fi shi nisa sau 400, shi ya sa suke kusan kai ɗaya a ido. Amma nisan wata yana sauyawa daga wajen kilomita 357,000 zuwa 406,000. Idan yana kusa ya rufe ta har da rara. Idan yana nesa bakin inuwarsa ba ya isowa ƙasa, sai a samu zobe. Rana kuma ta fi nisa da mu a farkon Yuli, ta fi ƙanƙanta a ido, don haka dogayen kusufi a Yuni da Yuli da farkon Agusta suke taruwa.

Malam Habu:
Wannan ya kawo mu kan na 2 ga Agusta 2027, ranar Litinin, domin tattaɓa-kunnen na 1973 ne, gida ɗaya: 1973, 1991, 2009, 2027. Zai shigo ta mashigin Jibraltar, ya taɓa kudancin Sifaniya da Tanja a Maroko, ya bi Oran a Aljeriya, Sfax a Tunisiya, Bengazi a Libiya, ya kai ƙololuwa kusa da Luksor a Masar da minti 6 da sakan 23. Daga nan ya tsallake Bahar Maliya, Jidda da Makka duk suna ciki, Makka da kamar minti 5 jim kaɗan bayan azahar, sai Yaman da kan Somaliya. Madina tana wajen layin. Babu wani mai tsawonsa a kan tudu a sauran wannan ƙarni. Mai niyyar Umra a wannan shekarar, idan ya daidaita tafiyarsa da ƙarshen Safar, ya kasance a Makka ko Jidda ranar, ba Madina ba.

Mu a ƙasar Hausa na ɓangare za mu gani da hantsi, kuma gwargwadon yin arewa gwargwadon girman gutsuren. Agadas da Bilma za su fi Kano, Kano za ta fi Abuja. Matsalarmu Agusta ce, tsakiyar damina, hadari na iya rufe komai.

Ustaz Kabiru:
Kafin shi akwai na 6 ga Fabrairu 2027, Asabar, na zobe. Zai baro Cile da Ajantina, ya tsallake teku, ya ƙare da faɗuwar rana a gaɓar Afirka ta Yamma: Abijan, Akra, Lome, Kwatano, Legas. 'Yan uwanmu na zango a Akra sun fi mu sa'a, domin rana za ta ɗan fi tsayi a can. A Legas tana dab da nutsewa ne zoben zai haɗu, sai wanda ya sami fili ta yamma babu gini babu itace. A arewa rana za ta faɗi a gutsure, kuma mai gabas kamar Maiduguri kaɗan zai samu kafin ta faɗi.

Akwai abin lura a wannan yammacin. Ƙarshen Sha'aban ne. Idan ana kallon wata a kan fuskar rana lokacin faɗuwarta, to tare za su faɗi, babu jinjirin da ido zai gani a sama bayan magariba a wannan daren. Sanarwa ta kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, ba tamu ba, amma masu fita duba su san da wannan.

Hajiya Binta:
Ustaz, sallar kusufi fa, tunda wannan da yamma zai zo?

Ustaz Kabiru:
Siffarta sananniya ce: raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, a tsawaita karatu, babu kiran salla babu iƙama. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne lokacinta irin na Idi ne, daga ɗagowar rana zuwa zawali. Shafi'iyya kuwa suna yin ta duk lokacin da kusufin ya faru. Na yamma irin wannan, kowane masallaci ya bi limaminsa. Na Agusta da hantsi zai zo mana, babu saɓani a kansa. Kuma a tuna wa jama'a cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi kusufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sanin ranar tun da wuri bai rage wa abin girma ba, taimaka wa liman yake yi ya shirya.

Dakta Rabi:
Jama'a, kun yi ta lissafin ina da yaushe, ni ido ne damuwata. Tantanin da ke bayan ido ba shi da jijiyar jin zafi. Mutum zai ƙura wa rana ido, ba ya jin komai, sai bayan awanni ko washegari ya ga tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, layin rubutu ya lanƙwashe. Wasu suna samun sauƙi cikin watanni, wasu tabon ya zauna, kuma babu maganin da ke mayar da abin da ya ƙone. A ranar da ba kusufi hasken da kansa ke tilasta mutum ya kau da kai. Ranar kusufi sha'awa ke sa a daure, nan ɓarnar take.

Tabarau na kusufi yana barin wajen kashi 1 cikin 100,000 na hasken ne ya wuce. A nemi mai ɗauke da lambar inganci ta ISO 12312-2, sannan kada a tsaya ga rubutun, domin kowa na iya buga shi. A saka shi a cikin ɗaki: idan ana ganin taga, ko fuskar mutum, ko kwan lantarki sosai, a jefar. Bai kamata a ga komai ba sai rana. A ɗaga shi a duba ko akwai huji ko karce. Baƙin tabarau na kwalliya, ko an jera goma, bai yi ba. Gilashin da aka turara da hayaƙin fitila bai yi ba. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti da faifan CD ba su yi ba. Kallon rana a cikin ruwan baho, wanda iyayenmu suka saba, shi ma bai yi ba: ruwa yana mayar da wajen kashi 2 cikin 100 na hasken, ya ninka abin da ido zai ɗauka sau dubbai.

Sale Mai Walda:
Likita, gilashin walda yana yi, amma ba kowanne ba. Lambar duhunsa tana rubuce a gefe. Wanda aka fi samu a shago lamba 10 ko 11 ne, na aikin yau da kullum, waɗannan ba su isa ba. Lamba 14 ake so. Tabarau na masu yankan ƙarfe da gas lamba 5 ne ko kusa, kada ma a gwada. Hular walda mai duhunta da kanta ita ma a bar ta, domin tartsatsi take jira kafin ta rufe, rana ba lallai ta tashe ta ba. Idan 14 bai samu ba, ana iya haɗa biyu. Ƙa'idar ita ce a tara lambobin a cire ɗaya, 10 da 5 su ba da 14.

Dakta Rabi:
Malam Sale, lissafinka daidai ne a takarda, amma ban yarda a ba jama'a shi ba. Ya dogara ne kan lambar da ke jikin gilashin gaskiya ce, kuma kai ka fi ni sanin nawa ne a kasuwa ba su da lamba sam. Ga shi gilashi biyu a hannun yaro, ɗaya ya zame, shi ke nan. Guda ɗaya mai lamba 14 daga hannun wanda aka sani, ko a koma ga hanyar da ba a kallon rana gaba ɗaya.

Sale Mai Walda:
Ga yara kam, maganarki ce, Likita. Wanda ba shi da lamba ko ni ba na ba wa yaron shago ya yi aiki da shi.

Hajiya Binta:
Hanyar da Likita ke nufi ba ta cin ko sisi. A sami dogon kwali, mita ɗaya in ya samu. A yanke ɗan murabba'i a gefe guda, a manna takardar alminiyam da salatif, a huda ta da allura, huji ɗaya mai tsabta, milimita 1 zuwa 2. A ɗaya gefen daga ciki a manna farar takarda. A yanke taga a jikin kwalin kusa da farar takardar don leƙawa. Mai kallo ya juya wa rana baya, hujin ya fuskanci rana ta saman kafaɗarsa. Faɗin hoton shi ne tsawon kwalin a raba da 109, mita ɗaya ke nan tana ba da milimita 9. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗaɗa hujin don hoton ya girma. Ba ya girma, haske yake ƙarawa ya dusashe gefen, har a daina ganin gutsuren. Tsawo ne ke ƙara girma. Kuskure na biyu, yaro ya sa ido a hujin ya kalli rana ta ciki. A faɗa musu wannan tun kafin a fita.

Don aji guda, madubi ya fi. A rufe ƙaramin madubi da takarda a bar huji mai faɗin santimita ɗaya, a ajiye shi a waje, a harba hasken ta taga zuwa bangon aji mai duhu. Daga mita 10 hoton zai kai santimita 9, kowa ya gani a zaune. A kafe madubin da ƙasa ko laka, ana gyara shi duk bayan 'yan mintuna domin rana tana tafiya, kuma kada kowa ya ratsa ta gaban hasken yana kallon madubin. Wanda duk bai yi wannan ba ya shimfiɗa farin zane a ƙarƙashin darbejiya. Ɗigon hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye, waɗanda kullum da'ira ne, duk za su koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a kan zanen. Gindin madambaci ma yana yin haka idan aka ɗaga shi sama da ƙasa da kamar mita ɗaya.

Injiniya Lawal:
Ƙari kan na'ura: duk abin da ke tara haske, madubin hangen nesa ko kyamara mai dogon baki, matatar hasken rana a gabansa ake sa ta, ba a bayansa ba. Wanda ya sa tabarau na kusufi sannan ya leƙa ta madubin hangen nesa, hasken da aka tara zai huda ledar nan take. Kuma a kusufin zobe babu lokacin cire tabarau ko kaɗan, daga farko har ƙarshe. A cikakke ne kawai, bayan ɗigon haske na ƙarshe ya ɗauke, kuma a mayar da zarar gefe ya fara walƙiya.

Malam Habu:
Saura wanda ya fi shafar mu: 20 ga Maris 2034, Litinin da safe. Cikakke ne, zai hau tudu ta Legas, ya ratsa Najeriya a karkace zuwa arewa maso gabas, ya yanki arewacin Kamaru, ya kai ƙololuwa a Cadi da minti 4 da sakan 9, ya wuce Sudan, Masar, Saudiyya, Kuwait, Iran har yammacin Sin. Shekara 28 ke nan bayan na 2006, ba 375 ba. Tsakanin nan akwai na 22 ga Yuli 2028 a Ostireliya da na 25 ga Nuwamba 2030 a Namibiya, Botswana da Afirka ta Kudu, ga mai hali.

Malam Issufu:
Malam, a 2034 ni ba zan ba kowa shawarar Legas ba. Ƙarshen Maris damina ta fara leƙowa a kudu, safiya da gajimare. Gwargwadon bin layin zuwa arewa maso gabas gwargwadon bushewar sama, ga rana ta fi tsayi, ga lokacin ya fi tsawo.

Injiniya Lawal:
Amma can kuma ƙura, Malam Issufu. Maris hazo bai gama tafiya ba.

Malam Issufu:
Hazo yana rage kyan rawanin, ba ya ɓoye rana idan ta yi sama. Gajimare kuwa shafe ta yake yi ɗungurungum. Inda hazo ke cutarwa shi ne irin na Fabrairu 2027, da rana za ta kasance a gindin sama, haskenta na ratsa ƙura mai kauri. Abin yi a 2034 shi ne a zaɓi wuri biyu a kan layin da titi mai kyau ya haɗa su, a duba hasashen yanayi kwana biyu kafin ranar, a kwana a wurin. Daga fara gutsurar rana zuwa rufewa awa ɗaya ne da 'yan mintuna, bai isa a canza gari ba idan an makara.

Malam Habu:
Kuma a kula da agogo. Jadawalin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da yawancin taswirorin intanet da lokacin UT suke zuwa, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Gana daidai take da shi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi a ƙara awa ɗaya, Sudan awa biyu, Saudiyya awa uku. Lokacin da ake bugawa a kanun labarai na ƙololuwar kusufin ne a wuri guda a duniya, ba na garinku ba, bambancin kan kai awa ɗaya ko fiye. A sa sunan garin ko lambobin wurinsa a taswirar, a rubuta lokaci huɗu: farawa, rufewa, buɗewa, ƙarewa. Idan taswirar ta ba da farawa da ƙarewa kawai babu na tsakiyar biyu, garin yana wajen layi.